Hangen Dala: Tarihin Hawan Dutse a Ƙasar da Ba Ta da Dusar Ƙanƙara

A farkon shekarar 1851, ana tsakiyar hunturu, wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth ya ratsa ta Kusada a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Kano. Abdulkarim yake kiran kansa a wannan tafiya. Bai daɗe da kuɓuta daga hannun Sarkin Katsina Muhammadu Bello ba, wanda ya tsare shi kwanaki ana ja-in-ja a kan kyautar da ta dace baƙo ya bayar. Da ya fita birni ya miƙa kudu sai hankalinsa ya kwanta. Ya yaba wannan yanki a littafin tafiyarsa: gonaki, inuwar ɗorawa da tsamiya, mata masu sayar da abinci a bakin hanya, da ganuwar Kusada mai yalwar itatuwa a cikinta. Wanda ya san ƙasar Dudunni da sauran ƙauyukan da ke tsakanin Kankiya da Kusada ya san abin da baƙon ya gani. Fili ne shimfiɗaɗɗe na gero da dawa da gyaɗa, wanda mutum zai yini yana tafiya a cikinsa ba tare da numfashinsa ya sauya ba.

Mutanen da suka sayar masa da fura a hanya ba su san cewa wata shida da rabi kafin nan saura ƙiris ya mutu a gindin wani dutse ba, kuma babu wanda ya aike shi.

Ranar 15 ga Yuli 1850, ayarin da Barth yake ciki ya kusa garin Gat, a kudu maso yammacin Libiya ta yau. Ayari ne da gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyinsa, ƙarƙashin jagorancin James Richardson, tare da wani Bajamushen, Adolf Overweg. A gefen hanyar akwai wani dutse mai suna Idinen, wanda daga nesa yake kama da rusasshiyar fada. Buzayen yankin sun ɗauke shi gidan aljannu, suka gargaɗi baƙin kada su kusance shi, kuma babu wanda ya yarda ya yi musu ja-gaba ko da za a biya shi. Barth, mai shekara 29, ya zaci cewa inda mutane suke tsoro haka ba za a rasa tsohon wurin bauta da rubutu ko zane a jikin dutse ba. Ya ɗauki 'yar salkar ruwa da busasshen abinci da dabino, ya fita shi kaɗai da sassafe, da nufin ya tarar da ayarin a rijiya ta gaba kafin dare.

Dutsen ya fi nisan da ido ya nuna masa, kuma akwai kwazazzabo mai zurfi tsakaninsa da shi wanda sai da ya sauka ciki kafin ya fara hawa. Ya kai sama a gajiye, bai sami rubutu ko zane ba, kuma maƙogwaronsa ya bushe har ya kasa haɗiyar abincin da ya zo da shi. Da ya gangaro sai ya ɓata. Ruwa ya ƙare da tsakar rana. Ya harba bindiga bai ji amsa ba. Da dare ya hango wutar da abokan tafiyarsa suka hura domin su nuna masa hanya, amma ba shi da ƙarfin tashi. Washegari ƙishirwa ta kai shi ga tsotsar jininsa. Sai da yamma ta yi wani Buzu da ya bi sawunsa a kan raƙumi ya same shi kwance ƙarƙashin wata bishiya, ya wanke masa kai, ya ba shi ruwa.

A littattafan Turai ana ba da wannan labari a matsayin shaidar jarumtar mai neman ilimi. Idan aka dube shi daga wajen ayari, labari ne na baƙon da ya raina gargaɗin masu ƙasa, ya tsayar da tafiyar mutane da dabbobi a tsakiyar zafin Sahara, har sai da ɗaya daga cikin waɗanda ya ƙi sauraro ya je ya ɗauko shi. Ko mutum ya yarda da aljannun Idinen ko bai yarda ba, gargaɗin Buzaye ya ƙunshi sani na gaskiya: babu ruwa a can, dutsen yana ruɓewa a ƙarƙashin ƙafa, kuma wanda ya rabu da ayari a watan Yuli ya sayar da ransa da araha.

Turawa ma sun daɗe suna tsoro

Ana yawan ɗauka cewa sha'awar hawan dutse domin a kai ƙololuwa kawai ɗabi'a ce da Turawa suka taso da ita tun fil azal. Tarihi bai goyi bayan haka ba. A birnin Lusan na ƙasar Siwizalan, hukuma ta daɗe tana haramta hawan dutsen Pilatus saboda imanin cewa akwai wani ruhi a tafkin da ke samansa wanda zai aiko da guguwa idan aka dame shi, kuma a 1387 an ɗaure wasu malaman coci shida saboda yunƙurin hawa. A farkon ƙarni na 18 wani masani ɗan ƙasar, Johann Jakob Scheuchzer, ya tattara labaran dodannin da aka ce ana gani a duwatsun Alps ya buga su a littafi na kimiyya. Abin da Buzu ya faɗa wa Barth bai yi nisa da abin da makiyayin Siwizalan zai faɗa wa kakan Barth ba.

Sauyin ya zo ne a ƙarshen ƙarni na 18, kuma ma'auni ne ya kawo shi kafin nishaɗi. Horace-Bénédict de Saussure na Janeba ya sa ladan kuɗi a 1760 ga duk wanda ya gano hanyar hawa Mont Blanc. Jacques Balmat da likita Michel Paccard suka kai sama ranar 8 ga Agusta 1786, shi kuma Saussure ya bi sawu a shekarar da ta biyo, da 'yan dako masu yawa da kayan auna nauyin iska. A 1857, shekarar da littafin Barth ya fara fitowa, aka kafa ƙungiyar masu hawan Alps ta farko a Landan, kuma yawancin membobinta lauyoyi ne da malaman jami'a da limaman coci, wato mutanen da ke da albashi da hutun shekara da jirgin ƙasan da zai kai su gindin dutse. A 1865 mutum bakwai suka hau Matterhorn a karon farko, huɗu suka mutu a hanyar saukowa. Wannan bai rage sha'awar ba.

Takalmin tafiya a kan dusar ƙanƙara, wanda a yau ma'aikacin ofis a Kanada ko Amurka yake ɗaurawa ranar Asabar ya nufi wani tsauni ya dawo kafin magariba, shi ma kayan neman abinci ne tun asali. Al'ummomin asali na Amurka ta Arewa suke lanƙwasa itace su saƙa cikinsa da tsirkiyar ɗanyar fata, domin nauyin mafarauci ya bazu a kan faffaɗan wuri kada ya nutse. Hikima ɗaya ce da ta tafin ƙafar raƙumi a kan rairayi, da ta faffaɗan takalmin fata na Buzaye. Faransawa 'yan cinikin fata suka koya daga gare su, sojoji suka yi yaƙi da shi, sannan a wajajen 1840 wasu 'yan kasuwa a birnin Montreal suka mai da shi abin wasan motsa jiki. Na ƙarfen alminiyam da ake sayarwa yanzu ya bazu ne daga shekarun 1970. Abin da wani ya ƙirƙira don kada iyalinsa su kwana da yunwa ya zama abin hutun wani bayan an sami ƙoshi.

Daren da salka ta daskare

Hausa ba ta da kalma guda ta dusar ƙanƙara, sai da ta ara daga dusar da ake bai wa dabbobi ta haɗa da ƙanƙarar da ke zubowa a farkon damina. Ita ma ƙanƙarar suna ɗaya take da dutsen ƙyastu. Amma harshen yana da wadatar kalmomin sanyi: akwai ɗari mai fasa leɓe da dunduniya, akwai jaura mai ratsa bargo, akwai hazo. Wanda ya ce ƙasar Hausa ba ta san hunturu ba bai taɓa jiran mota a tashar Kankiya da asubar watan Janairu ba.

Sanyin nan ya taɓa rikita masanan Turai. A Disamba 1823, Hugh Clapperton da likita Walter Oudney suka bar Kukawa suka nufi Kano tare da fatake. Kusa da ƙarshen watan, a yankin Bade, suka wayi gari suka tarar ruwan da ke cikin ƙorai ya yi ɓawon ƙanƙara, salkunan ruwa kuma sun sandare. Oudney, wanda dama ciwon ƙirji ya ci ƙarfinsa, ya rasu a Murmur kusa da Katagum ranar 12 ga Janairu 1824. Clapperton ya binne shi ya ci gaba, ya shiga Kano ranar 20 ga watan. Da labarin ya isa Turai, wasu suka ɗauka cewa ƙasar da ruwa zai daskare a cikinta kusa da tsakiyar duniya haka dole ta kasance tudu mai tsananin tsayi. Ba haka ba ne. Yankin bai kai mita 500 daga matakin teku ba. Busasshiyar iska ce da sararin sama maras gajimare suke barin zafin ƙasa ya tsere da dare, ita kuma salka tana tsatsafo da ruwa, iska tana busar da shi, tana ƙara sanyaya abin da ke ciki, kamar yadda randa take yi.

Shekara 25 bayan haka aka yi kuskuren ta ɗaya gefen. A Mayu 1848 wani mai wa'azin Kirista, Johannes Rebmann, ya hango farin abu a saman Kilimanjaro ya rubuta cewa dusar ƙanƙara ce. William Desborough Cooley, wanda ya rubuta littafi a 1841 kan ƙasashen Sudan ta Yamma bisa bayanan marubutan Larabawa ba tare da ya taka Afirka ba, ya ƙaryata shi daga Landan, ya kuma dage a kan haka shekara da shekaru. Sai ranar 6 ga Oktoba 1889 Hans Meyer da Ludwig Purtscheller suka kai ƙololuwar dutsen mai tsayin mita 5,895. Ƙa'idar mai sauƙi ce: a duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri shida da rabi. Ita ce ta sa Jos, da ke kusan mita 1,200, take neman rigar sanyi lokacin da Kano take neman mafici.

Wa yake da izinin hawa?

Ƙasar Hausa fili ce, amma fili ne da duwatsu suka tsattsaya a cikinsa ɗaiɗai, kamar an dasa su. Yawancinsu dutsen gurane ne mai shekaru ɗaruruwan miliyoyi, wanda ruwa da iska suka cinye ƙasar da ke kewaye da shi suka bar shi tsaye. Ruwan sama da ya zuba a kan falalen dutse yana gangarowa ya taru a gindi, don haka ake samun dausayi da ƙasa mai albarka a wurin ko da rani. Akwai tama a kusa da wasunsu. Akwai kuma wurin hango maƙiyi tun yana nesa. Sunayen garuruwa kaɗai sun isa shaida: Dutse, Dutsi, Dutsin-Ma, Dutsen Wai.

A 1970 Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ya kawo hujjar cewa asalin manyan biranen Hausa yana da alaƙa da waɗannan duwatsu, ba don ruwa da ƙarfe da tsaro kaɗai ba, har da imanin cewa manyan iskoki a nan suke zaune, kuma wanda yake riƙe da hulɗa da su yana riƙe da mutane. Dala a Kano, Kufena da Turunku a ƙasar Zazzau, Kwatarkwashi a Zamfara ta yau, duk sun shiga wannan lissafi. Ɗalibinsa Yusufu Bala Usman, ɗan ƙasar Katsina, ya nuna a littafinsa na 1981 kan tarihin Katsina irin matsayin da Kwatarkwashi take da shi a matsayin cibiyar bautar Magiro, wadda tasirinta ya wuce iyakar garin nesa.

Dala ce aka fi sanin labarinta, albarkacin kundin tarihin sarakunan Kano wanda H. R. Palmer ya fassara ya buga a 1908. An gano alamun narkar da ƙarfe a gindinta waɗanda aka ƙiyasta shekarunsu zuwa ƙarni na 7. Kundin ya ce dutsen ya samo suna daga wani mutum, Dala, da ya gina gida a kansa, kuma daga zuriyarsa aka sami Barbushe, babban mai hidimar Tsumburbura. Abin lura a labarin shi ne yadda aka raba sama da ƙasa. Barbushe yana zaune a kan dutse, ba ya saukowa sai kwana biyu a shekara. Jama'a suna taruwa a gindi daga kowace kusurwa da baƙaƙen dabbobin yanka. Shi kaɗai yake shiga wurin bautar, ya fito ya faɗi abin da shekara za ta zo da shi, kuma an ce duk wanda ya shiga ba shi ba, mutuwa zai yi. Saman dutse a wannan zamani kujerar iko ce, kuma rashin hawan talaka doka ce, ba kasala ba.

Sarakunan gidan Bagauda sun shafe ƙarnoni suna kokawa da wannan iko. Kundin ya danganta rusa wurin bautar ga Sarki Tsamiya a ƙarni na 14, ya kuma ce a zamanin Yaji, da zuwan Wangarawa, aka gina masallaci a ƙarƙashin bishiyar. Duk da haka maganar yanka ga duwatsu da itatuwa ba ta mutu ba. Tana cikin abubuwan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki sarakunan Hausa da talakawansu a kai, kuma ta fito a wasiƙun muhawarar da Muhammadu Bello ya yi da Shehu al-Kanemi na Barno kan halaccin jihadi. Daga ƙarni na 19, mutumin da aka gani yana hawa dutse shi kaɗai da almuru yana da bayanin da zai yi wa maƙwabtansa. Wannan zargi bai gama gushewa ba har yau, kuma duk wanda zai yi bayanin dalilin da ya sa ɗan boko Bakatsine zai tuƙa mota zuwa Kaduna ya biya kuɗin wurin motsa jiki amma bai taɓa hawa dutsen bayan garinsu ba, dole ya sa shi a lissafi.

Sai dai Musulunci bai raba Bahaushe da dutse ba, ya sauya masa duwatsun ne. Tsayuwar Arfa, wadda yawancinta a fili ake yi, Bahaushe hawan Arfa yake ce mata. Alhazai da yawa, har da tsofaffi, suna hawa Dutsen Nur domin su ga kogon Hira, kodayake ba ya cikin ayyukan Hajji. Dutsen Bima a ƙasar Gombe an daɗe ana danganta shi da bayyanar Mahadi, kuma a Burmi, ba nisa da shi, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya faɗi a hannun sojojin Ingila ranar 27 ga Yuli 1903. Ita kanta Dala ta koma hannun jama'a: ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, yara da matasa da mata suna cika samanta da hanyoyin hawanta. Wurin da a da mutum ɗaya ne yake da izinin zama ya zama wurin da ake turereniya.

Harshe ya adana wani abu kuma. Idan aka ce hawa a Katsina ko Kano ba tare da ƙarin bayani ba, doki ake nufi: Hawan Salla, Hawan Daushe, Hawan Bariki. Girma yana kan sirdi. Dutse kuwa alama ce ta matafiyi, abin da fatake suke hangowa su san sun kusa zango. Shi ya sa karin maganar ta ce hangen Dala ba shiga birni ba. Barth, da ya isa Kano ranar 2 ga Fabrairu 1851, ya hau Dala ya zana birnin daga sama, kuma wannan zane yana cikin tsofaffin hotunan Kano da ake da su. Tsayin dutsen a kan filin da ke kewaye da shi bai wuce 'yan gomiyoyin mita ba. A wannan karon ya sauko da ƙafarsa.

Mafaka da aikin tilas

A ƙarni na 19 dutse ya fi zama wurin gudu. Sarkin Zazzau Makau, da masu jihadi suka fitar da shi daga Zariya, kudu ya nufa, kuma ƙanensa Abu Ja ya kafa garin Abuja, Suleja ta yau, a 1828 cikin duwatsun da ke kusa da Zuma. A wajajen 1846 Malam Hamza da mabiyansa suka bar Tsakuwa ta ƙasar Kano bayan saɓani kan haraji, suka shiga duwatsun Ningi cikin Butawa da Warjawa da Pa'awa. Daga can suka kafa ƙasar da ta shafe rabin ƙarni tana kai wa Kano da Bauchi da Zazzau hari, ba a kuma iya murƙushe ta ba. Dalilin a bayyane yake. Ƙarfin sarakunan fili yana kan dawakai, doki kuwa ba ya hawa tsakanin manyan duwatsu, kuma mai lifidi da ya sauka daga sirdi ya zama abin harbin mai kwari da baka.

Wannan lissafi ne ya cika duwatsun Mandara da na Filato da al'ummomin da suka gwammace su sassaƙa gonaki hawa-hawa a jikin tsauni a kan su zauna a fili a kama su. Littafin da Hamman Yaji, hakimin Madagali, ya sa aka riƙa rubuta masa daga 1912 zuwa 1927 yana lissafa hare-haren da ya aika kan mutanen dutse da adadin bayi da shanun da aka samo, cikin sanyin murya irin ta mai lissafin kanti. Gonakin Sukur da fadar sarkinta, waɗanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, suna cikin yankin da waɗannan hare-hare suka shafa. Mai zuwa yawon buɗe ido yana ganin kyau, amma tsoro ne ya kai mutane can sama.

Turawan mulki sun juya lamarin. Sun matsa wa mutanen dutse su sauko fili inda za a iya ƙirga su a karɓi haraji, su kuma suka hau. Masu safiyo suka bi ƙololuwa ɗaya bayan ɗaya suna dasa alamomin awo domin zana taswira, 'yan dako na ɗauke da kayan. Mafi muni ya zo ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai ta juyo kan Filato. Daga 1942 zuwa 1944 aka ɗebo dubun-dubatar talakawa daga lardunan Arewa ta hannun sarakuna da hakimai, aka kai su ramukan kuza aikin tilas. Mutanen da suka saba da zafin fili suka sami kansu a tudu mai sanyi da iska, cikin bukkoki marasa kyau, da ƙarancin abinci da sutura. Da yawa suka mutu da ciwon ƙirji da na ciki, da yawa suka gudu. Bill Freund ya bi diddigin wannan a littafinsa na 1981 kan ma'aikatan kuza. Ga kakannin mutane da yawa a Arewa, wannan ne karo na farko da suka ɗanɗana sanyin tudu.

Daga Man O' War zuwa yau

Hawan dutse a matsayin horo ya shigo Najeriya ta wata ƙofa da kusan kowane ɗan boko ya sani ba tare da ya san asalinta ba. A 1951 wani Bature, Alec Dickson, ya buɗe sansanin horar da matasa a wani lungun teku mai suna Man O' War kusa da Victoria, Limbe ta yau, lokacin yankin yana ƙarƙashin gwamnatin Najeriya. Ya ɗauko tsarin daga makarantun Outward Bound da Kurt Hahn ya kafa a Birtaniya a 1941, kuma hawan Dutsen Kamaru, mai tsayin sama da mita 4,000, yana cikin darussan. Da yankin ya koma Kamaru, cibiyar ta ci gaba a Najeriya, kuma makarantarta ta dutse tana tsaunukan Shere a gefen Jos, inda ƙololuwa ta kai mita 1,829. Matasan nan masu kaki da ke tayar da masu yi wa ƙasa hidima da asuba a sansani, sunan wancan lungun teku suke ɗauke da shi.

Mai son ƙololuwa mai nisa da gaske yana da inda zai nufa. Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, a gandun Gashaka-Gumti na jihar Taraba kan iyakar Kamaru, shi ne mafi tsayi a Najeriya da mita 2,419. Ba tafiyar yini ɗaya ba ce, sai an kwana a hanya da ja-gaba da 'yan dako, kuma dare a can yana da sanyin da rigar hunturun Kano ba ta isa ba. A arewa kuma, cikin duwatsun Azbin, Idoukal-n-Taghès a tudun Bagzan ya kai mita 2,022, shi ne mafi tsayi a Nijar. Hunturu ne lokacin tafiyar: rafuka sun janye, dutse ya bushe ba ya santsi, ciyawa ta kwanta. Kuma hunturun ne yake hana mutum ladan wahalarsa, domin idan hazo ya sauka, wanda ya kai sama ba zai ga abin da ya wuce ƙafarsa da kilomita ɗaya ba. A Abuja, ƙungiyoyin ma'aikata suna fita da safiyar Asabar su hau duwatsun da ke kewaye da birnin, su ɗauki hoto su sa a Instagram, kuma akwai Hausawa da dama a cikinsu, maza da mata.

Amma wannan ɗabi'a, a ko'ina ta kafu, ta tsaya ne a kan abubuwan da ba a ganinsu a hoto: hanya mai aminci zuwa gindin dutse, ƙauyen da zai karɓi baƙo ba tare da fargaba ba, da tabbacin cewa idan mutum bai dawo da magariba ba akwai wanda zai bi sawunsa. Waɗannan ne suka yi ƙaranci. A Agusta 2014 Boko Haram ta ƙwace Gwoza, kuma bayan sojoji sun karɓe garin a Maris 2015 mayaƙanta suka ci gaba da fakewa a duwatsun Mandara, inda a da ake fakewa daga mahara. A yammacin Katsina da Zamfara, dazuzzuka da duwatsu sun koma hannun 'yan bindiga bisa lissafin da ya kare Ningi: motar soja, kamar doki, tana tsayawa inda hanya ta ƙare. Ɗalibai sama da 300 da aka kwashe daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba 2020, da ƙafa aka ratsa daji da su cikin daren hunturu.

Daga Dudunni, Kwatarkwashi ta fi Jos kusa nesa ba kusa ba, kuma dutsenta yana nan a gefen hanyar Funtuwa zuwa Gusau, ana ganinsa daga tagar mota. Malamin tarihin da ke son nuna wa ɗalibansa inda aka bauta wa Magiro zai fi samun sa hannun iyaye idan ya ce Shere zai kai su.